Auta da Hotunan Ganyen Masara

A garin Ƙarfi, kusa da Malumfashi, an yi wata yarinya 'yar aji shida. Ita ce ƙarama a gidansu, don haka kowa Auta yake ce mata. Tana da ƙoƙari a makaranta, wannan babu musu. Amma fa akwai ta da rawar kai. Hannunta ba ya ganin abu ya ƙyale.

Mahaifinta, Malam Haladu, manomi ne. Yana da wata tsohuwar waya irin wadda ake shafawa. Babban ɗansa Zaharaddeen ne ya bar masa ita da zai koma wurin aikinsa a Funtuwa. Fuskar wayar ta tsage a gefe, bayanta kuma duk ya koɗe.

Baba bai iya komai a cikinta ba sai kira da amsa kira. Auta ce ta koya masa ɗaukar hoto. Ita ke nemo masa lamba, ita ke kai masa ita shagon mai caji. Ko'ina ya zauna sai ya ce, "Ai Auta ce idona a wayar nan."

In ya faɗi haka, sai ka ga Auta tana wani fasa kai.

A daminar bana, cikin hutun makaranta, masarar Baba ta fara ba shi tsoro. Ganyenta ya soma yin ruwan ɗorawa, da wasu zane-zane masu ruwan ƙasa. Ga shi kuwa ta kusa fara goyo. Ranar Laraba ya hau babur ya tafi Malumfashi wajen malamin gona, Malam Abdulmutallib, wanda ke zama da manoma duk Laraba.

Da ya dawo, ya zauna a tsakar gida yana ba Inna, mahaifiyar Auta, labari.

"Malamin gona ya ce ganye ɗaya bai isa a gane ba," in ji Baba. "Ko yunwar taki ce, ko kuma cuta ce. In na sayi taki alhali cuta ce, na yi aikin banza. Ya ce in zaɓi kara uku in sa musu alama. Kullum da safe in ɗauki hotonsu, sama da ƙasa. Laraba mai zuwa in kai masa, ya ga yadda abin ke tafiya."

Inna ta yago jan ƙyalle daga wani tsohon zanenta ta ba shi. "Ga alama nan, Malam. Allah Ya sa a dace."

Auta fa? Tana nan zaune a gefe tana carafke. Maganar ta shiga ta wannan kunne, ta fice ta wancan.

Tun daga ranar Baba bai yi fashi ba. Da ya idar da sallar asuba sai gona. Ya durƙusa gaban karan nan uku masu jan ƙyalle, ya riƙe waya da hannu biyu, ya danna a hankali. Har ya yi kwana biyar yana yi.

Ranar Litinin da rana Auta ta karɓo wayar daga shagon mai caji. Maimakon ta wuce gida, sai ta biya gidan su Lilian, ƙawarta ta aji. Ta tarar da Lilian riƙe da sabuwar wayar yayarta, tana ta ƙyalƙyala dariya.

"Zo ki gani!" in ji Lilian. Ta ɗauki hoton Auta, ta danna wani abu. Sai ga Auta da kambin furanni a ka, kumatunta jawur.

"Kai! Wannan mene ne?"

"Manhaja ce. Akwai mai sa kunnen zomo, akwai mai sa tabarau. Ga kuma wasan tseren mota."

Idon Auta ya buɗe. "Don Allah tura min a wayar Baba."

Lilian ta juya wayar Baba ta duba. "Anya? Wannan ai tsohuwa ce, ba za ta ɗauka ba. Kuma kin tambaye shi?"

"Ke dai tura min. Ni ce fa mai kula da wayar nan."

Lilian ta tura mata daga waya zuwa waya. Manhajar hoto ta shiga. Wasan mota ya shiga. Auta ta ce a ƙara mata mai canza launin fuskar waya, aka ƙara. Da aka zo ta huɗu, wayar ta tsaya cak. Wani rubutu ya fito, wai wuri ya cika.

"Kin gani ko?" in ji Lilian. "Ki haƙura haka nan."

Ina! Auta ba ta san haƙuri ba. Ta shiga wajen hotuna tana neman abin da za ta goge. Me za ta gani? Ganye. Ta ja ƙasa, ganye. Ta sake ja, ganye dai. Hoto ya fi arba'in, duk iri ɗaya, wani ma a karkace.

Ta yi tsaki. "Baba ke nan! Koyon ɗaukar hoto yake yi da ganye."

Wani abu ya ɗan taɓa zuciyarta da ta ga jan ƙyalle a jikin kara. Kamar ta taɓa jin maganarsa a wani wuri. Amma wasan mota na jiranta. Ta zaɓe su gaba ɗaya, ta danna gogewa. Ta kuma sa wata manhajar share-share, ta share duk abin da ya rage.

Da ta koma gida, ta tarar Baba ya kishingiɗa a inuwa bayan azahar, barci ya kwashe shi, bakinsa a ɗan buɗe. Shaiɗan ya raya mata. Ta lallaɓa ta ɗauki hotonsa, ta ɗora masa dogayen kunnuwan zomo da jan hanci. Ta shige ɗaki ta toshe baki tana dariya har da hawaye.

Washegari Baba ya dawo daga gona yana ƙorafi. "Wayar nan yau ta ƙi ni. Na danna, na danna, ta ƙi ɗauka. Kuma har batir ya ƙare. Ba komai, na kwana biyar ma sun isa."

Gaban Auta ya faɗi. Na kwana biyar? Nan take maganar malamin gona ta dawo mata, tiryan-tiryan. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai tsoro ya rufe shi. Ta ce a ranta, wataƙila malamin ba zai tambaya ba.

Ranar Laraba Baba ya ce, "Auta, shirya ki raka ni. Ke za ki buɗe wa malamin gona hotunan. In mun gama in saya miki awara."

Ta hau bayan babur, suka kama hanya.

A Malumfashi, manoma sun fi ashirin a kan benci ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Malam Abdulmutallib na zaune a gaban ƙaramin tebur. Cikin manoman akwai Mati, wani ɗan garinsu da ba ya ganin abin dariya ya bari ya wuce.

Da layi ya zo kansu, Baba ya miƙe da fara'a. "Malam, na cika aiki. Kullum sai na ɗauka. Ga 'yata nan, ita ce gwanar waya a gidanmu. Auta, buɗe wa Malam."

Auta ta karɓi wayar. Ta danna, wayar ta yi shiru kamar ba ta ji ba. Ta sake dannawa. Can sai wani kiɗa ya ɓarke da ƙarfi, ga tallar wasan mota ta cika fuskar waya. Manoma suka waiwayo.

"A'a, Malam Haladu, biki muka zo?" in ji Mati.

Malamin gona ya karɓi wayar ya kashe kiɗan. Ya daɗe yana jira kafin hotuna su buɗe. Ga Auta da kambin furanni. Ga Auta da tabarau. Ga akuyar Inna da hula. Ya ja gaba, sai ya yi sauri zai kife wayar.

Amma Mati ya riga ya leƙo ta bayansa.

"La ilaha illallahu! Jama'a, ku zo ku ga Malam Haladu da kunnen zomo!"

Wuri ya kaure da dariya. Wani har da riƙe ciki, wani yana tafa hannu. Baba ya karɓi wayar ya kalli hoton. Ya ga kansa kwance, baki buɗe, da kunnuwa zaƙo-zaƙo. Dattijo mai furfura, a gaban sa'o'insa. Sai kawai ya gyara zaman hularsa.

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

"Ya isa haka," in ji malamin gona, ya ɗaga wa mutane hannu. "Malam Haladu, ban ga hoton ganye ko ɗaya ba. Ina suke?"

Baba ya dubi Auta. Auta ta dubi ƙasa. Ya jira kaɗan. Ba ta ɗago ba.

"To," in ji Baba a hankali, "wataƙila hannuna ne. Ka san mu da waya sai a hankali. Na danna abin da ban sani ba."

"Tsufa ke nan!" in ji Mati. Aka sake yin dariya.

Kun ji fa. Uba ya ɗauki laifin da ba nasa ba, mai laifin kuwa tana tsaye ta yi gum.

Malam Abdulmutallib ya girgiza kai. "Ba zan ce ka sayi abu da ka ba. Sai dai a sake daga farko. Amma gaskiya mun yi asarar mako guda, masara kuwa ba ta jira. In cuta ce, kullum ƙara hawa take yi."

A hanyar fita gari Baba ya tsayar da babur wajen mai awara. Ya saya, ya miƙa wa Auta a leda. "Ungo, na yi miki alkawari."

Da ma dukanta ya yi, da ya fi mata sauƙi. Ta riƙe ledar nan har gida, ko ɗaya ba ta iya kaiwa baki ba. Duk tsawon hanya bayan wuyan Baba take kallo.

Suna shiga gida Inna ta dube ta. "Ke kuma lafiya? Auta da awara a hannu ba ta ci ba? Me ya faru?"

Sai kuka ya ƙwace mata. "Inna, ni ce! Ni na goge hotunan Baba. Na sa wasanni a wayar, wuri ya cika, na goge. Ni na sa masa kunnen zomo. Aka yi ta yi masa dariya, ni kuma na yi shiru."

Inna ta ajiye muciyar da ke hannunta. "Innalillahi! Auta! Abincinmu na shekara kika yi wasa da shi? Ni ba ni za ki gaya wa ba. Ga mai wayar can, je ki same shi."

Baba na zaune a zaure yana kwance igiyar takalminsa. Auta ta durƙusa nesa da shi. Ta maimaita duk abin da ta faɗa.

"Na sani," in ji Baba.

Ta ɗago da sauri. "Ka sani, Baba?"

"Yo ni ina na san inda ake samo kunnen zomo? Tun a can na gane."

"To me ya sa ka ce kai ne?"

"Ban so a yi wa 'yata dariya a bainar jama'a ba. Kuma jira nake in ji ko za ki faɗa da bakinki." Ya ajiye takalmin a gefe. "Dariyar Mati ba ta dame ni sosai ba, Auta. Abu biyu ne suka yi min ciwo. Na ba ki amanar waya, kin taɓa abin da ba ki tambaya ba. Sannan na dube ki, kika sunkuyar da kai."

Wannan magana ta fi bulala zafi. Auta ta yi ta kuka. "Ka yafe min, Baba. Don Allah ka yafe min."

"Na yafe. Amma yafiyata ba za ta warkar da masara ba. Me za ki yi?"

Da farko ta kira yayanta a Funtuwa. "Yaya Zaharaddeen, ana iya dawo da hoton da aka goge?"

Da ya ji yadda aka yi, ya ce, "A wannan wayar? Bayan kin sa abin share-share? Sun tafi ke nan. Ke, tsohuwar waya kamar tsohon jaki ce, ba a labta mata kaya. Cire duk tarkacen da kika sa."

Ta zauna a gaban Baba ta cire su ɗaya bayan ɗaya. Wasan mota ya tafi. Mai canza launi ta tafi. Kambin furanni da tabarau duk suka tafi. Hoton kunnen zomo shi ta fara gogewa, ko kallonsa ba ta son yi. Wayar ta dawo tana buɗewa ba gardama.

Sannan ta ce, "Baba, ka bar ni ni in riƙa ɗaukar hotunan."

Washegari da sassafe ta bi shi gona. Raɓa ta jiƙa mata zane har gwiwa. Ta durƙusa gaban karan nan uku masu jan ƙyalle. Ta ɗauki ganyen ƙasa, ta ɗauki na tsakiya, ta ɗauki na sama. Ta ciro littafinta na makaranta ta rubuta ranar da abin da ta gani.

Ashe aikin ba wasa ba ne. Ga sauro, ga ƙaiƙayin ganye, ga ciwon gwiwa. Haka Baba ya yi kwana biyar yana yi, ita kuwa ta share shi da yatsa ɗaya.

Ranar Asabar aka tashi da ruwa. Inna ta ce ta bari ya tsagaita. Auta ta sa wayar a leda, ta yafa buhu a ka, ta bi bayan Baba.

Abin da ya fi damunta shi ne layuka huɗu na can ƙasan gona. Kullum ta zo sai ta ga zane-zanen ganyen sun ƙara hawa sama. Ganyen da ta bari kore jiya, yau ya fara bushewa. Takan tsaya ta yi ta kallonsu, kunya na cin ta.

Laraba ta zagayo. Suka koma ƙarƙashin darbejiyar nan. Mati na hango su ya ɗaga hannu biyu a kansa kamar kunnuwa. "Barka da zuwa, angon zomaye!"

Auta ta taka har gaban tebur, ta durƙusa ta gaishe da kowa.

"Malam, ina da magana," in ji ta. "Wancan makon ba Baba ne ya goge hotuna ba. Ni ce. Shi ya yi aikinsa daidai. Ni na cika wayar da wasanni ban tambaye shi ba. Hoton da kuka yi wa dariya ma ni na yi. Ya rufa min asiri ne kawai."

Mati ya sauke hannunsa a hankali, ya sosa ƙeya. "Malam Haladu, a yi haƙuri. Bakin nan nawa ne ba ya jin magana."

"Ya wuce, Mati," in ji Baba.

Malam Abdulmutallib ya dubi Auta. "Kin yi kuskure babba, 'yata. Amma faɗar gaskiya a gaban mutane ba ƙaramin abu ba ne. Kawo mu gani."

Ta buɗe hotunan, suka fito nan da nan. Ta miƙa masa littafin. Ya riƙa duba hoto yana duba rubutu, tun daga Alhamis har Laraba.

"Madalla! Kun gani? Daga ganyen ƙasa ya fara, yana hawa, kuma ya fi gudu bayan ruwan Asabar. Wannan ba yunwar taki ba ce, cutar ganye ce." Ya rubuta sunan magani a takarda, ya yi wa Baba bayanin yadda zai fesa. "Ka fesa gobe da safe. In Allah Ya so, yawancin gonar za ta tsira."

Baba ya sauke ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi."

"Wani abu kuma," in ji malamin. "Akwai manhaja ɗaya ta tura saƙo da hoto. In tana wayar nan, ba sai kun jira Laraba ba. Ku turo min daga gona, in ba ku amsa. Guda ɗaya ba za ta yi wa wayar nauyi ba."

Yatsan Auta har ya kai kan waya. Sai ta janye shi. Ta juya ta dubi mahaifinta.

"Baba, ka yarda a sa?"

Baba ya yi murmushi, irin wanda ta yi mako guda ba ta gani ba. "Na yarda. Ita kaɗai fa."

"Ita kaɗai, Baba."

Aka yi feshi, masara ta farfaɗo, ta yi goyo manya-manya. Da kaka ta yi, duk gidan suka fita karyar masara, har Lilian ta zo taya su. Buhuna suka cika, Inna sai godiya take yi wa Allah.

Amma layuka huɗun nan na ƙasan gona ba su yi abin kirki ba. Baba ya ce Auta ce za ta karya su da hannunta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. 'Yan ƙanana ne, wasu ma babu ƙwaya. Duka-duka ba su cika kwando ɗaya ba.

Ta kawo kwandon gaban Baba, idonta ya ciko.

"Kin ga wannan?" in ji shi. "Mako ɗayan nan ne. Ba don in ɓata miki rai na sa ki ba, sai don ki riƙa tunawa. Abin da ba naki ba, ki tambaya kafin ki taɓa. Abin da ba ki san amfaninsa ba, kada ki ce ba shi da amfani. In kuma kin yi kuskure, ki faɗa da wuri, tun gyara bai yi wuya ba."

"Na ji, Baba. Ba zan manta ba."

Ta kwance jan ƙyalle ɗaya daga busasshen kara, ta ɗaura a hannun jakarta ta makaranta.

Baba ya je ya tsaya a gaban tarin buhuna. Ya kakkaɓe riga, ya gyara hula, ya miƙo mata wayar.

"Zo ki ɗauke ni, mu tura wa malamin gona da yayanki." Ya ɗaga yatsa. "Amma fa ban da kunnen zomo."

Inna da Lilian suka tuntsire da dariya. Auta ma ta yi dariya, tana share hawaye da bayan hannu. Ta riƙe wayar da hannu biyu, kamar yadda Baba ke yi, ta ɗauke shi yadda yake.